Momentam da Siffarsa a Ilimin Motsi

Momentam shi ne adadin motsin da wani jiki ke ɗauke da shi, kuma hanya mafi sauƙi ta samun sa ita ce a ninka nauyin jikin da gudunsa. Babbar mota mai nauyin kilogiram 10,000 da ke tafe a hankali, mita 2 a daƙiƙa, momentam ɗinta 20,000 ne. Ƙaramar mota mai kilogiram 1,000 da ke sharara gudun mita 20 a daƙiƙa, ita ma nata 20,000 ne. Idan aka taka musu birki mai ƙarfi ɗaya, lokaci ɗaya za su ɗauka kafin su tsaya. Wannan shi ne abin da ɗalibi ke fara koya a ajin fiziks, kuma daidai ne. Sai dai ya bar babbar tambaya ba amsa: wane irin abu ne momentam a lissafin siffofi, wato jometiri? Lamba ce kawai, ko kibiya ce, ko wani abu dabam? Masana sun shafe fiye da shekara 250 suna warware wannan, kuma amsar da suka kai gare ta tana cikin mafi kyawun abin da ilimin motsi ya haifar.

Tunanin cewa abin da aka jefa yana ɗauke da wani abu da ke ci gaba da tafiyar da shi daɗaɗɗe ne. John Philoponus ya yi maganarsa a Iskandariya a ƙarni na 6, Ibn Sina ya faɗaɗa shi a ƙarni na 11, sannan Jean Buridan na jami'ar Paris ya ce a ƙarni na 14 wannan abu yana ƙaruwa da yawan jikin da kuma saurinsa. A 1644 René Descartes ya ɗaga maganar zuwa doka: jimillar motsin da ke cikin duniya ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa. Amma Descartes ya ɗauki motsi a matsayin lamba tsura, girma sau sauri, babu ruwansa da inda abu ya nufa. Nan ne dokarsa ta samu tangarɗa. Idan dunƙulen laka biyu masu nauyi ɗaya suka taho da gudu ɗaya, ɗaya daga gabas ɗaya daga yamma, suka yi karo, mannewa za su yi su tsaya cak. A lissafin Descartes motsi mai yawa ya salwanta ke nan. Tsakanin 1668 da 1669 John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens suka gabatar wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan dokokin karo na gaskiya, inda ya bayyana cewa dole a sa alƙibla cikin lissafi. Mai zuwa gabas a ƙirga shi da ƙari, mai zuwa yamma da ragi. Jimillarsu kafin karo sifiri ce, bayan karo ma sifiri ce, babu abin da ya ɓace. A kan wannan Isaac Newton ya gina dokokinsa a littafinsa na 1687, inda ƙarfi ya zama saurin sauyawar momentam.

Wannan ita ce ma'ana ta farko a jometiri: momentam kibiya ce. Tsawonta yana nuna yawansa, tsininta yana nuna alƙiblarsa. Ana haɗa kibiyoyi ta hanyar ɗora gindin ta biyu a kan tsinin ta farko, kuma jimillarsu ita ce kibiyar da ta tashi daga gindin farko zuwa tsinin ƙarshe. Teburin sunuka yana nuna wannan ƙarara. Farar ƙwallo ta taho da momentam 5, ta bugi wata mai nauyi irin nata da ke tsaye, ba a tsakiya ba, a ɗan gefe. Bayan bugun, kibiyoyin ƙwallayen biyu dole su haɗu su ba da ainihin kibiyar farko, don haka kibiyoyin uku suna yin alwatika. Idan kuma makamashin motsi bai salwanta a karon ba, to murabba'in kibiyar farko daidai yake da jimillar murabba'an sauran biyun. Wannan ita ce ƙa'idar Pythagoras, wadda ba ta tabbata sai a alwatika mai kusurwar digiri 90. Saboda haka idan ɗaya ta tafi da 3, ɗayar za ta tafi da 4, kuma hanyoyinsu za su rabu a kan kusurwar digiri 90. Gogaggun 'yan wasan sun san wannan a hannu, domin da shi suke hasashen inda farar ƙwallo za ta nufa muddin ba a murza ta ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da momentam bai wuce kibiyar gudu da aka ƙara wa tsawo ba. Abin da ya tona cewa akwai sauran zance shi ne aikin Joseph-Louis Lagrange, wanda ya wallafa babban littafinsa kan ilimin motsi a Paris a 1788. Lagrange ya lura cewa ba kowane motsi ne ya dace a auna shi da gabas, arewa da sama ba. Lilon agogon bango kusurwa ɗaya ta isa ta faɗi inda yake. Dutsen da aka ɗaure da igiya ana juya shi, tsawon igiyar da kusurwar juyi ne suka fi dacewa da shi. Sai ya tsara dokokin motsi yadda za su yi aiki da kowane irin ma'aunin wuri da mutum ya zaɓa. A cikin wannan tsari kowane ma'auni yana da momentam nasa, kuma ma'anarsa ita ce: idan aka ƙara gudu kaɗan ta wannan fuska, nawa makamashin motsi zai ƙaru?

Ana iya gwada wannan da ƙaramar motar nan. Makamashin motsi rabin nauyi ne sau murabba'in gudu. A gudun mita 20 a daƙiƙa, makamashinta jul 200,000 ne. Idan gudun ya koma 20.1, makamashin ya zama 202,005. Ƙarin gudu na kashi ɗaya cikin goma ya ci jul kusan 2,000, wato kowane cikakken mita a daƙiƙa yana cin kusan 20,000. Wannan kuwa shi ne momentam ɗin motar. Ashe momentam farashi ne: yana faɗin makamashin da ake biya kan kowane ɗan ƙarin gudu.

Farashi da kaya kuwa ba jinsi ɗaya ba ne, ko da yake kullum tare ake ambaton su. A ce buhun gero yana cin kwano 40. Wanda ya sayi kwano 80, idan aka koma awo da buhu, buhu 2 ya saya: lambar kayan ta ragu sau 40. Amma farashin buhu ya ninka na kwano sau 40. Kaya sun yi ƙasa, farashi ya yi sama, kuɗin da aka biya kuwa bai motsa ba. Haka gudu da momentam suke. Idan ana auna juyin dutsen nan da digiri, sai aka koma auna shi da cikakken zagaye, lambar gudun za ta ragu sau 360, lambar momentam kuwa za ta ƙaru sau 360, muddin ma'aunin makamashi bai sauya ba. Abin da ke fitowa idan aka ninka su, wanda shi ne ninki biyu na makamashin motsi, yana nan yadda yake.

Wannan ita ce ma'ana ta biyu, kuma ita ce zuciyar batun. Gudu kibiya ce ta gaskiya: tana kwance a jikin hanyar da abu ke bi, tana nuna inda zai kasance nan da ɗan lokaci. Momentam kuwa ma'aunin kibiyoyi ne. Aikinsa shi ne a ba shi kibiya, ya mayar da lamba. Masana lissafi suna zana irin wannan abu da jerin layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, irin layukan da ke nuna tsayin ƙasa a taswirar duwatsu. Idan aka ɗora kibiya a kansu, lambar da ake nema ita ce yawan layukan da kibiyar ta tsallaka. Inda layukan suka matsu, momentam yana da yawa. Inda suka yi tazara, kaɗan ne. Kibiyar da ta bi tsawon layi ba ta tsallaka komai ba, sakamakonta sifiri. A kowane wuri da jiki zai iya kasancewa akwai fili guda na dukkan kibiyoyin gudu, akwai kuma wani fili, abokin tagwaitakarsa, na dukkan ma'aunan nan. Gudu yana zaune a na farko, momentam a na biyu.

To me ya sa aka daɗe ana ɗaukar su abu ɗaya? Saboda akwai gada tsakanin filayen biyu, kuma gadar ita ce nauyi. Ga ƙwayar abu guda da ke tafiya a sarari, gadar mai sauƙi ce ƙwarai: a ninka da lamba ɗaya, shi ke nan, alƙibla ba ta sauya ba. Amma da zarar an bar wannan yanayi, gadar sai ta nuna ainihin siffarta. Ga dutsen da ke kan igiya, abin da ke haɗa saurin juyi da momentam ɗin juyi shi ne nauyi sau murabba'in tsawon igiya. Idan aka ninka tsawon igiya sau biyu, aka bar yawan zagaye a daƙiƙa yadda yake, momentam ɗin juyi zai ninka sau huɗu. Gadar ta dogara ke nan da wurin da jikin yake. Ga dunƙulallen jiki mai juyawa, wanda Leonhard Euler ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1765, abin ya wuce haka: kibiyar juyi da momentam ɗin juyi ba sa fuskantar alƙibla ɗaya, sai idan jikin yana juyawa a kan ɗaya daga cikin ginshiƙansa na musamman. Tayar mota da nauyinta bai daidaita ba misali ce. Tana juyawa a kan aksul, amma momentam ɗin juyinta ya ɗan karkace, yana zagaya aksul ɗin a kowane juyi. Aksul ne ke shan wahalar tilasta masa wannan zagaye, shi ya sa sitiyari ke karkarwa a hannun direba. Ƙananan ƙarafan da mai gyara ke maƙalawa a bakin rim aikinsu shi ne dawo da momentam ɗin kan layin aksul. Haka nan ƙwayar zarra mai cajin lantarki da ke ratsa filin maganaɗisu: momentam ɗinta a tsarin Lagrange yana da ƙarin kashi da ke zuwa daga filin kansa, don haka yana iya duban wata fuska dabam da inda ƙwayar ta nufa.

Wanda ya ɗauki wannan bambanci ya mai da shi ginshiƙi shi ne William Rowan Hamilton, masanin taurari da lissafi na ƙasar Ailan, a maƙalunsa biyu na 1834 da 1835. Hamilton ya ajiye gudu gefe, ya bayyana halin kowane jiki da abu biyu: wurinsa da momentam ɗinsa, a matsayin tagwaye masu daraja ɗaya. Idan aka haɗa su wuri ɗaya sai a sami sabon fili, filin hali. Ga lilon agogo, filin shimfiɗaɗɗe ne mai fuska biyu: kusurwa a kwance, momentam a tsaye. Lokacin da lilon ya kai ƙarshen dama, kusurwa ta cika, momentam sifiri. Lokacin da ya ratsa tsakiya, kusurwa sifiri, momentam ya cika. Yana kai wa hagu ya dawo, ɗigon da ke wakiltar sa ya zana rufaffen zobe mai siffar ƙwai. Lilo mai ƙarfi zobensa babba, mai rauni ƙarami, kuma zobban ba sa taɓa ratsa juna. Dalili shi ne, ɗigo guda a filin hali ya ƙunshi duk abin da ake buƙata don sanin gaba, don haka hanya ɗaya tak ke bi ta kansa. Ƙwayar abu guda a sarari filinta fuska 6 gare shi, uku na wuri, uku na momentam.

Wannan fili yana da jometiri nasa, kuma abin da ake aunawa a cikinsa ba tsawo ba ne, faɗi ne. Dalilin yana komawa ga waccan tagwaitaka: idan aka sauya ma'auni, gefen wuri ya tsuke, gefen momentam zai buɗe daidai gwargwado, don haka faɗin da suka kewaye bai dogara da ma'aunin da aka zaɓa ba. Da gudu aka sa a madadin momentam, da ɓangarorin biyu sun tsuke tare, faɗin ya rasa ma'ana. Abin da ya fi wannan shi ne motsi kansa yana kiyaye faɗin. A ɗauki tarin liluna da suka fara da halaye masu kusanci da juna, su cika ɗan yanki a filin hali. Yayin da lokaci ke tafiya, yankin zai miƙe, ya lanƙwashe, ya zama siriri, amma faɗinsa ba zai ƙaru ko ya ragu ba, muddin babu gogayya da ke cinye makamashi. Ana danganta wannan ƙa'ida ga Joseph Liouville na Faransa da aikinsa na 1838, kuma a kanta Josiah Willard Gibbs na Amurka ya dogara a littafinsa na 1902 kan lissafin ɗimbin ƙwayoyin iskar gas da zafi.

Ma'ana ta uku ta fito ne daga tambayar da Descartes bai iya amsawa da hujjar lissafi ba: me ya sa momentam ba ya salwanta? Amsar ta zo daga Emmy Noether a Göttingen ta ƙasar Jamus a 1918. Ta tabbatar da cewa duk inda dokokin motsi suka ƙi sauyawa a ƙarƙashin wani sauyi mai gudana a hankali, to akwai adadin da ake kiyayewa. Idan aka ɗauki dukkan kayan gwaji aka matsar da su mita ɗaya gabas, sakamako bai canja ba, domin sarari bai fifita wani wuri a kan wani ba. Abin da wannan daidaito ya haifar shi ne kiyaye momentam. Idan aka juya kayan suka fuskanci wata alƙibla, nan ma babu canji, kuma wannan ne ke kiyaye momentam ɗin juyi. Idan aka jinkirta gwajin zuwa gobe, sakamako ɗaya ne, wannan kuma ke kiyaye makamashi. Inda daidaito ya karye, kiyayewa ma ta karye. Dutsen da aka jefa, idan aka manta da iska, momentam ɗinsa na kwance ba ya sauyawa har ya faɗi, domin gaba da baya duk ɗaya ne a wurin jan ƙasa. Na tsaye kuwa sauyawa yake kowane lokaci, domin sama da ƙasa ba ɗaya ba ne. A tsarin Hamilton dangantakar ta fi haka ƙarfi. Kowane adadi yana haifar da kwarara a filin hali. Makamashi yana tura jiki gaba a cikin lokaci, momentam yana matsar da shi a cikin sarari, momentam ɗin juyi kuma yana juya shi. Saboda haka ana iya bayyana momentam da cewa shi ne mai haifar da matsawa.

Sararin samaniya ya nuna kiyaye momentam ɗin juyi tun kafin a san dalilinsa. A 1609 Johannes Kepler ya wallafa cewa layin da ya haɗa rana da duniyar Mars yana share faɗi ɗaya a lokaci ɗaya, ko duniyar tana kusa ko tana nesa. Faɗin da ake sharewa a daƙiƙa momentam ɗin juyi ne a wata kama, kuma ba ya sauyawa saboda jan rana bai fifita wata alƙibla ba. Duniyar da mutane ke zaune a kai tana kusantar rana a farkon Janairu, tazarar kilomita miliyan 147, tana gudun kusan kilomita 30.3 a daƙiƙa. A farkon Yuli tana nisan kilomita miliyan 152, gudunta kusan 29.3. Idan aka ninka nisa da gudu a lokutan biyu, lambar da ke fitowa kusan ɗaya ce.

Akwai ma'ana ta huɗu, wadda ta mayar da waɗancan layuka masu tafiya kafaɗa da kafaɗa abu na zahiri. Hamilton ya fara ne da nazarin haske kafin ya juyo kan motsi, kuma ya san cewa tsirkiyar haske tana ratsa fuskar igiyar haske a tsaye. Sai ya nemi kwatankwacin haka ga jikkuna. Idan aka bi hanyar da jiki ya bi, a kowane ɗan taki aka ninka momentam da tazarar takin, aka tara duka, ana samun adadi guda, jimillar tafiya. Tun 1744 Pierre-Louis Maupertuis ya yi ikirarin cewa halitta tana zaɓar hanyar da ke taƙaita irin wannan jimilla. Hamilton, da Carl Jacobi da ya kammala aikin a Königsberg daga 1837, sun nuna cewa idan aka haɗa duk wuraren da jimillar ta kai adadi ɗaya, ana samun jerin shimfiɗu, kuma momentam shi ne gangaren wannan jimilla: yadda shimfiɗun suka matsu a kowane wuri. Wannan hoto ya jira kusan shekara 90. A 1924 Louis de Broglie ya ce shimfiɗun tudun igiyoyi ne na gaske, kuma tsawon igiyar ƙwayar zarra yana raguwa daidai yadda momentam ɗinta ke ƙaruwa. A 1926 Erwin Schrödinger ya gina lissafinsa na ƙwayoyin zarra daga tsarin Hamilton da Jacobi, a 1927 kuma gwajin Clinton Davisson da Lester Germer a Amurka ya tabbatar da cewa ilektiron yana yin halin igiya.

Wannan fahimta tana aiki yau a wurare da dama. A cibiyar binciken CERN da ke kusa da Geneva, inda ake tura ƙwayoyin zarra cikin zobe mai tsawon kilomita 27, injiniyoyi suna auna ingancin ayarin ƙwayoyin da faɗin da ya mamaye a filin hali. Maganaɗisu yana iya tsuke ayarin ya zama siriri, amma sai bambancin momentam na gefe ya ƙaru daidai gwargwado, domin faɗin ba ya matsuwa. Masu lissafin tafiyar duniyoyi da kwamfuta su ma sun koyi darasin. Hanyoyin lissafi na yau da kullum suna tara ƙananan kurakurai, har duniya ta riƙa zamewa daga falakinta a cikin na'ura. Hanyoyin da aka gina don su kiyaye faɗin filin hali a kowane taki, irin wadda Jack Wisdom da Matthew Holman suka fitar a 1991, suna riƙe makamashi kusa da inda ya fara, kuma da su ake bin tafiyar duniyoyin da ke kewaya rana na tsawon miliyoyin shekaru.